Filin Al'adu: Sinimar Yaran Koriya, da Labarin da ke Kwance Cikin Kayen Ɗan Damargu



Duk wanda dare ya riske shi a tashar Tanut, ko ya kwana Balbeji daren kasuwa, ba zai rasa ganin yara sun kewaye telbijin ɗin mai shayi ba, ko kuwa kawuna biyar sun duƙufa a kan salula guda. Abin da suke kallo sananne ne: fim ɗin Kano, da na Indiya da aka fassara da Hausa, da na ƴan dambe da harbe-harbe. A cikin waɗannan duka akwai soyayya, da kishi, da dukiya, da ramuwar gayya. Abu guda ne ba ya cikinsu, shi ne ɗan lakwal mai shekara goma wanda ya shiga tsaka mai wuya, aka bar shi ya zaɓi tsakanin gaskiya da aboki, ko tsakanin aji da rijiya. Alhali kuwa wannan shi ne abin da mai kallon ya wuni a cikinsa.

Akwai ƙasar da ta daɗe da ɗaukar irin wannan labari da muhimmanci, ita ce Koriya ta Kudu. A yau an san ta da motoci da wayoyi, da kuma fim ɗin nan na Bong Joon-ho da ya ci babbar lambar bikin Kan na Faransa a 2019, ya sake cin ta Amurka a 2020. Amma ba a nan ta faro ba. Japan ta mulke ta daga 1910 zuwa 1945, yaƙi ya ragargaza ta daga 1950 zuwa 1953, kuma a shekarar 1960 da Nijar ta samu ƴancin kai, Koriya tana cikin jerin ƙasashe matalauta. Tun a wancan zamani na yunwa da tsumma masu sinimarta suka shiga aji da na'urar ɗaukar hoto, suka sauke ta daidai tsayin idon yaro.

Fim na farko da ya kamata a ambata ya fito a 1940, ma'anar sunansa "Kuɗin Makaranta". Choi In-gyu da Bang Han-jun suka shirya shi. Labarin wani yaro ne ɗan aji huɗu a garin Suwon; iyayensa sun tafi talla nesa, aike ya yanke, ya rage daga shi sai kakarsa marar lafiya. Kuɗin makaranta ya gagara, kunya ta hana shi shiga aji ranar da ake karɓa. Daga ƙarshe ya taka da ƙafa shi kaɗai, tafiyar kimanin kilomita 24, zuwa wurin wata gwaggonsa, don ya samo abin biya. A cikin aji da Japananci ake magana, a gida kuma da harshen Koriya, kuma tun da a ƙarƙashin mulkin mallaka aka yi shi, an nuna malamin, Bajapane, a matsayin mutumin kirki. Duk wanda aka taɓa rataya wa "sambol" a wuya don ya yi Hausa ko Tamajak a filin lakwal, zai gane wannan aji ba tare da tafinta ba. Fim ɗin ya ɓace shekaru da dama, sai a 2014 aka gano shi a ma'ajiyar finafinai ta ƙasar Sin.

Na biyu ya fito a 1965, na Kim Soo-yong, za a iya fassara sunansa da "Har a Sama Akwai Baƙin Ciki". Yaron da ke cikinsa ba ƙagagge ba ne. Sunansa Lee Yun-bok, ɗan firamare a birnin Daegu. Uwarsa ta bar gida, ubansa ba lafiya, shi ke sayar da cingam a titi yana ciyar da ƙannensa, kuma duk da haka bai saki lakwal ba. Fim ɗin ya sa ƙasar kuka, gidajen sinima suka cika maƙil.

To, ga inda maganar take. Duka finafinan nan biyu ba daga kan wani babban marubuci suka fito ba. Na 1940 an gina shi ne a kan rubutun wani ɗan aji huɗu da ya ci gasar wata jarida. Na 1965 kuwa daga kayen da Lee Yun-bok ke rubuta abin da ya same shi kowace rana ya fito. Malami ya karanta, abin ya taɓa shi, aka kai ga buga shi littafi a 1964. Ke nan kafin na'ura, kafin kuɗi, kafin ƴan wasa, an fara ne da yaro da aka ce masa ya rubuta gaskiyar ranarsa, da kuma babba da ya zauna ya karanta.

Wanda ya fi cancanta ma'aikata su tsaya a kansa shi ne na 1992, wanda Park Jong-won ya shirya daga gajeren littafin Yi Mun-yol na 1987. Ma'anar sunansa "Gwarzonmu Mai Murɗaɗɗen Hali". An canja wa wani ma'aikacin gwamnati wurin aiki daga Seul zuwa wani ƙaramin gari, ɗansa Han Byeong-tae ya shiga aji biyar a can. Ya tarar ajin lafiya lau: ba hayaniya, ba datti, sakamako na yabo. Sai dai ba malami ke riƙe da ajin ba, shugaban aji ne, wani ƙaton yaro mai suna Eom Seok-dae. Shi ake ɗebo wa ruwa, shi ke fara taɓa abincin kowa, abin da ya gani ya yaba ya zama nasa, wai aro. Tsohon malamin ya sakar masa ragama don hankalinsa ya kwanta.

Byeong-tae ya ƙi. Ya kai ƙara, amma kafin a yi bincike an mayar da abin da aka ƙwace, mai abin kuma ya ce ai da ma aro ne. Malami ya raba takardu ya ce kowa ya rubuta laifin shugaban aji ba tare da sa suna ba. Aka dawo da wasu farare, wasu kuma laifin mai ƙarar aka cika su da shi. Ba wanda ke wasa da shi, kowane ƙaramin kuskurensa sai ya kai kunnen malami, karatunsa ya ja baya. Wata rana da maraice, bayan an sa shi goge tagogi an ƙi sallamarsa, ya fashe da kuka. Daga ranar ya miƙa wuya. Kuma abin da ya sa fim ɗin ya fi ƙarfin wa'azi shi ne bai ɓoye daɗin miƙa wuyan ba: yaron ya samu kariya, ya samu abokai, ya zama na hannun dama.

Da shekara ta kewayo, aka kawo sabon malami matashi. Ya lura cewa a zaɓen shugaban aji kusan kowa mutum guda ya zaɓa, kuma wanda ke zuwa na ɗaya a kowace jarrabawa ba ya iya warware lissafi a allo. Ashe ƙwararrun ajin ne ke goge sunansu a takardar jarrabawa su rubuta nasa, kowa da darasin da aka yanka masa. Asiri ya tonu, bulala ta yi aiki, sarauta ta faɗi. Nan take yaran da jiya ke fadanci suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna zayyana laifinsa, waɗanda suka fi cin moriyarsa su suka fi ɗaga murya. Da aka zo kan Byeong-tae, wanda shi kaɗai ya taɓa ja da shi, sai ya ce bai sani ba.

An ɗora labarin a kan shekarun 1959 da 1960, lokacin da ɗalibai suka fito titi saboda maguɗin zaɓe har shugaba Syngman Rhee ya sauka a watan Afrilu na 1960, kuma littafin ya fito a 1987, shekarar da jama'a suka tilasta wa sojoji yarda da zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Ba Bakoriyen da bai gane cewa ajin ƙasar ce ba. Ƴan Nijar da suka ga ranar 9 ga Fabrairu 1990 a gadar Kennedy ta Yamai, suka kuma saurari Babban Taron Ƙasa na 1991 a rediyo, sun san yadda harshe ke sakuwa bayan mai iko ya faɗi, sun kuma san su wane ne suka fi zaƙewa. A ƙarshen fim ɗin an nuna yaran sun girma sun haɗu wurin jana'izar tsohon malaminsu, sai ga matashin malamin nan mai tsage gaskiya ya zama ɗan majalisa, yana rabon gaisuwa irin ta masu neman ƙuri'a.

Darasin ba ɓoyayye ba ne. Mutum ba ya koyon yin shiru a ofis ranar da aka ɗauke shi aiki. Ya riga ya koya tun yana aji biyar. A lakwal ɗin ƙauye inda malami guda ke riƙe da aji biyu, ko inda yakan yi kwanaki a hanyar Damagaram wajen karɓar albashi, wa ake bar wa sanda da takardar rubuta sunan masu surutu? Yaro ne ɗan'uwansu. Wani ya riƙe amana, wani kuma ya gano cewa ana iya share suna da dabino biyu ko dala biyar. Sauran suna kallo, suna koyon yadda duniya ke tafiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba kullum wanda ya kamata ne ke tanƙwarawar ba.

Fim na 2003, "Malam Kim Bong-du" na Jang Gyu-seong, na dariya ne, sai dai dariyar mai ɗaci ce. Malami ne a Seul wanda ya saba karɓar ambulan daga iyaye, yana fifita ɗan mai bayarwa. Da ƙara ta yi yawa, aka tura shi wata ƴar makaranta cikin duwatsun lardin Gangwon, mai ɗalibai biyar kacal. Ƙauyawa ba su da ambulan, sai kayan gona. Ya yi ta dabarar a kwashe yaran zuwa birni don a rufe makarantar ya koma gida. Abin da ya karya shi, wani yaro ne matalauci da ya fahimci abin da malam ke so, ya bar zuwa aji ya tafi aikin ƙarfi, ya kawo ɗan abin da ya samu cikin ambulan.

Wannan labari bai buƙatar fassara a ƙasar nan. Ma'aikata nawa ne ke ɗaukar takardar canji zuwa Tanut, ko Balbeji, ko Tanhiya a matsayin horo, su fara neman hanyar komawa tun kafin su kwance kaya? Suna da hujjarsu: nisa, ƙarancin ruwa, rashin gida, albashin ƴan kwantaragi da ba ya kai wata. Amma yaro yana gane malamin da zuciyarsa ke tasha. Haka kuma fim ɗin bai wanke iyaye ba, don idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba a karɓar ambulan sai da mai miƙawa. Al'adar ta yi ƙarfi a Koriya har sai da dokar hana cin hanci ta 2016 ta haɗa da malaman makaranta cikin waɗanda aka taƙaita wa karɓar kyauta.

Na baya-bayan nan da ya kamata a sani shi ne na 2016, mai suna "Mu", na wata mata, Yoon Ga-eun, wanda aka nuna a bikin Barlin. Ba shugaban ƙasa a cikinsa, ba siyasa. Yarinya ce ƴar shekara goma da ake bari a ƙarshe duk lokacin da ake zaɓen ƴan wasa. A lokacin hutu ta yi ƙawa da wata baƙuwa. Da aka koma aji, baƙuwar ta ga inda ƙarfi yake, ta juya mata baya. Kowace ta san sirrin gidan ƴar'uwarta, kowace kuma ta yi amfani da shi. Wanda ya warware ƙullin ƙaramin ƙanenta ne, da ta tambaye shi dalilin da ya sa yake komawa wasa da yaron da ke dukansa. Ya nuna mata cewa in ana ta ramuwa, lokacin wasa ba zai zo ba.

Abin da ya haɗa finafinan nan duka shi ne ba sa raina yaro. Ba sa nuna shi mala'ika, ba sa nuna shi abin tausayi kawai. Suna ba shi zaɓi, zaɓin kuma yana da tsada ko ta ina ya bi. Nan suka sha bamban da finafinan wayar da kai da ƙungiyoyin agaji ke yawo da su ƙauyuka, inda tun minti na farko an san uban da ya hana ƴarsa karatu zai yi nadama, a tafa, a watse. Irin waɗannan suna da amfaninsu, amma yaro yakan gane saƙon da aka biya kuɗinsa. Wannan ba yana nufin lakwal ɗin Koriya aljanna ba ce: gasar jarrabawa da darussan dare masu tsada sun gallabi yaranta, kuma masu sinimarta ba su ɓoye hakan ba.

To Damargu fa? Ƙasa ce da ba ta rasa labari ba. Rumbun hatsi ce da ta ciyar da Abzin, hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ta Gat da Agadas zuwa Damagaram da Kano ta cikinta ta bi, kuma Dagira da Hausawa da Buzaye da Fulani sun daɗe suna shan rijiya guda a cikinta. Ta ga farin 1973 da na 1984, ta ga ƙarancin abinci na 2005. Tun 2011 Balbeji ta zama gunduma mai zaman kanta, kuma a shekarar ce aka buɗe matatar man SORAZ a ƙaramar hukumar Olelewa. Yaron da ke tasowa a nan yana ganin tankokin mai suna wucewa a kan kwalta, shi kuwa yana bayan jaki da jarkoki.

A auna zaɓin da ke gabansa. Yarinyar da ta fi kowa a aji shida, amma rijiya mai zurfi ce, layi mai tsawo, uwa kuma na da goyo: in ta je aji, wa zai ɗebo? Ɗan makiyayi da jarrabawa ta rage wata biyu, ciyawa ta ƙare, gida zai tashi. Ɗan ƙauye da aka kai kwaleji a Tanut, aka sauke shi gidan wani mai riƙo, inda aikin gida ya cinye lokacin bita, kuma in ya faɗa wa ubansa zumunci zai lalace. Yaron da ya ga abokinsa na satar amsa, abokin nan kuwa shi ke raba masa fura da rana. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa fim, kuma ba wanda amsarsa ke da sauƙi.

Ba kuma za a ce ƙasar nan baƙuwar sinima ba ce. Mustafa Alasan ya yi finafinan zane tun tsakiyar shekarun 1960. Umaru Ganda ne ya fara cin babbar lambar FESPACO a Wagadugu a 1972 da "Le Wazzou polygame". Telbijin ɗin makaranta ta fara aiki a Nijar tun 1964. A 2021 Aisha Maki, ƴar Damagaram, ta fito da "Zinder", a kan samarin unguwar Kara-Kara waɗanda da yawansu ba su samu lakwal ba. A shekarar dai Aisa Maiga ta fito da "Marcher sur l'eau", wanda aka ɗauka a ƙauyen Tatis na Azawak, labarin yarinya ƴar shekara 14 da neman ruwa da renon ƙanne ke raba ta da aji. Shi ne ya fi kusa da abin da ake magana a kai, amma ƴan bukukuwan Turai sun fi ƴan Tarka samun damar ganinsa.

Saboda haka abin yi a bayyane yake, kuma bai fi ƙarfin masu karanta wannan shafi ba. Na farko yana hannun malamai da sufetocin makarantu: a sa yara su riƙa rubuta abin da ya same su, ba abin da suke zaton mushe na son ji ba, kuma a bar su su rubuta da harshen da suke mafarki da shi. Ba sabon abu ba ne a jihar nan, don a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Sharaɗi guda ne: abin da yaro ya rubuta amana ne. Kayen da zai jawo wa mai shi bulala, ko ya tona asirin gidansu a bainar jama'a, ba za a sake rubuta gaskiya a cikinsa ba.

Na biyu yana hannun ƴan kasuwa. Alhazan da ke gina masallaci da rijiya, Allah ya saka musu, suna iya ɗaukar nauyin gasar rubutu tsakanin makarantun Tanut da Gangara da Falanko da Balbeji, a ba waɗanda suka yi fice kaye da fitila da buhun hatsi, a karanta mafi kyau a gidan rediyon gari da yardar masu su. Kuɗin bai kai na ragon layya biyu ba. Na uku kuma yana hannun samarin da suka iya ɗaukar hoto da salula suna watsawa a WhatsApp da TikTok: na'urar da ke aljihunsu ta fi wadda aka ɗauki fim ɗin 1940 da ita sauƙin aiki nesa ba kusa ba. Abin da suka rasa labari ne mai nauyi, shi kuwa yana nan cikin jakar ƙannensu.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne. Amma akwai abin da yaro ke gani daga bencin baya wanda sufeto ba zai gani ba ko ya shekara yana rangadi: wanda ya zo bai karya kumallo ba, wanda ake ƙwace wa alli, wanda ya san gaskiya ya haɗiye ta. Mutanen Koriya sun tambayi ƴaƴansu tun suna cikin talauci, ba su jira sai sun yi arziki ba. Yaran Damargu ma suna da amsa. Tambayar ce ba a yi musu ba tukuna.

Allah ya raya zuri'a, ya ba malamai haƙuri da riƙon amana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.